Tafkin da Ba Kwaɗo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Baba Jidda ne, dillalin shanu, daga Mairi.

An daɗe ana cewa ramukan da bama-baman jiragen yaƙi suka haƙa a dajinmu, in damina ta cika su, dabba ba ta shan ruwan. A bakin mai shayin unguwarmu na fara ji. Shi kuwa ko gaisuwarsa sai an tace, don haka na yi dariya.

Bana da hanya ta ɗan buɗe, na bi ƙanena Adam da shanunmu zuwa wurin kiwonmu na da. Na ga ɗaya daga cikin ramukan da idona. Ruwa garau, har ana hango ƙarfe a ƙasansa. Amma Malam, tafki a tsakiyar damina babu kwaɗo ko ɗaya? Ba ciyawa a bakinsa, ba sawun tsuntsu. Shirun nan har cikin sallah yake bi na.

Adam ya ce, "Yaya, ruwa ai ruwa ne. Nan zan dawo da iyali, na gaji da zaman gari." 'Ya'yansa ƙanana ne, kuma babu wani ruwa kusa.

Don Allah masana su faɗa mana, irin wannan ƙasa tana warkewa? Me zan ce wa Adam?

Ni dai na daina dariya. Wadda ta ba ni labarin nan a ƙarshe ba ta san teburin mai shayi ba. Ta wuni da ƙishi, ta sunkuya ta sansana ruwan, ta ɗago ta dube ni, ta juya. Tsohuwar saniyata ce, Hamra.