Lambar Wasawa Singh Tana Nan Daram

Shugaban taro, Caudhari Fazal Dad, ranka ya daɗe, malam liman, shugaban makaranta da malamansa, tsofaffin sojoji da ke sahun gaba, iyayena mata, jama'ar Dhok Sarang baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ware ɗaki a makarantar nan domin ɗamarun sojan da na tara. Shekara talatin ina bin gidaje daga nan har Chakwal ina zaro su daga ƙasan akwatuna, har matata ta ce ashe ɗan gwangwan ta aura, ba ma'aikacin gidan waya ba. Guda tara na samu, kowace cike da aninai da lambobin da kakanninmu suka ɗinka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Magana biyu gare ni a kansu.

Ta farko, kada a goge su. Na ji wani malami har ya sayo man goge ƙarfe. Ya kai gida a goge tukwane.

Ta biyu ita ce ta hana ni cin abinci tun jiya. Kwamitin makaranta ya aiko cewa kafin a sa ɗamarar kakana Mehr Dad a gilashi, sai an cire lamba ɗaya, mai siffar zobe, ta sojoji mabiya addinin Sikh, wai yara za su yi tambaya. To su yi mana, ba makaranta ba ce?

Kakana bai iya rubutu ba. Duk wanda suka sha wuya tare, aninin rigarsa yake karɓa ya ɗinka, kuma gwargwadon girman mutum a zuciyarsa, gwargwadon kusancinsa da kan ɗamara. Wannan lamba ita ce ta fari. Ina ƙarami na tambaye shi dalili, ya ce: "Ɗan nan, a Iraƙi harsashi ya fasa mini cinya, 'yan garinmu suka wuce, sun ɗauka na cika. Wasawa Singh ya kwance rawaninsa a gaban jama'a, abin da ɗan Sikh ba ya yi, ya ɗaure mini rauni, ya goya ni har bakin kogi, yana ta mita wai na cika nauyi. Ya koma fagen fama kai ba rawani. Bai dawo ba." A jikin rawanin lambar take.

Na san abin da ya faru shekarar da aka raba ƙasarmu biyu, jini ya zuba tsakanin Musulmi da 'yan Sikh. A gidanmu ma an yi kuka, kuma ban manta ba. Amma wancan mutumin bai ga shekarar ba, bai yi mana komai ba sai alheri.

Mehr Dad saurayi ne a lokacin. Ya dawo yana ɗingishi, ya yi aure, ya haifi goma sha ɗaya. Ina roƙon duk mai jininsa a jiki ya miƙe tsaye. Har da kai, ranka ya daɗe, ai mahaifiyarka 'yarsa ce. Ku waiga ku gani, rabin zauren nan ne.

Ga almakashi na ajiye a kan tebur. Wanda zai cire lambar, ya fito daga cikinku, ku da kuke tsaye, ya cire da hannunsa. Ranar da aka cire ta kuwa, wallahi zan naɗe ɗamaruna tara in koma da su gida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana yaranmu, ya sa su zama masu tambaya, ya mai da kowa gida lafiya. Kuna iya zama.

Na gode.