Ranar da Rigar Yaya Ta Bushe

Shugaban taro, maigidan wannan gidan burodi, malamar asibiti da ta baro aikinta ta zo, iyayena masu kwaɓi, 'yan'uwana na bakin tanderu, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba direban motar rabo dama ya ce wani abu kafin a kaɗa ƙuri'a kan hutun shan ruwa.

Na farko, jikin nan namu yana da mai gadi da ba ya gyangyaɗi. In zafi ya yi yawa, labari ya kai ƙwaƙwalwa, sai ta saki gumi; in jiki ya huce, labari ya sake kai mata, sai ta tsayar. In ruwa ya ragu a jini, ta aiko ƙishirwa, ta umarci ƙoda ta riƙe abin da ya saura, shi ya sa fitsari ke yin ja. Kamar ƙwallon nan ne na cikin tankinmu: ruwa ya sauka ya buɗe, ya cika ya rufe. Malama ce ta koya mini wannan a barandar asibiti, ina sharar hawaye.

Na biyu, mu a gidan nan mun mai da ƙaryata wannan mai gadi jarumtaka. Duk wanda ya nufi famfo kafin a fitar da gashin ƙarshe, sai a bi shi da, “Amarya, ko a kawo miki mafici?” Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Bara, wata ranar zafi, rigar yayana ta bushe ƙayau a bakin tanderu. Muka hau tafi: “Kai! Yaya ya fi ƙarfin wuta, ko gumi ba ya yi!” Ashe ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ya ce mini, “Ƙane, kaina na juyawa.” Na ce, “Haba Yaya, saura tire biyu, daure mana.” Bai kai ga na biyun ba.

Ga shi nan a sahun gaba. Ƙodarsa ta tsaya, sau biyu a mako inji ke wanke masa jini. Mutumin da muka hana zuwa famfo, yau da ɗan kofi ake auna masa ruwan da zai sha.

Maigida, jama'a, rigakafi ya fi magani. Ku ɗaga hannu don hutun nan, ni zan ɗaga biyu, ɗaya nawa ɗaya na Yaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana tamu, ya mai da kowa gida cikin aminci. Na gode.