Aku Mai Rawa

A bakin ruwan Wara, ana jiran jirgi ya cika, Illo ya dire kejin akun da zai kai kasuwar Yawuri. Akun na ta rangaji, dama da hagu. Wata tsohuwa mai kwandon kifin banda ta ƙura masa ido.

"Malam, tsuntsun ga ba lafiya ba."

"Rawa yake yi! Ina ruwanki?"

"Rawa babu kiɗa? Dubi ƙirjinsa, duk ya fige gashin. Kaɗaici ne."

Illo ya harzuƙa. "Kaɗaici? Ga gyaɗa, ga rake, ga sabon keji. Mi ya rasa?"

"Wa ke yi masa magana?"

"A da Innata ce. Tun da na ɗauko ta daga tsibiri ta daina kula shi. Ita ma na gina mata ɗakin kwano, ita kaɗai, ba mai damun ta. Amma sai ta zauna bisa tabarma tana ta..."

Idonsa ya sauka a kan akun da ke ta rangaji.

Tsohuwar ta figi kwandonta a fusace. "Ita ma rawar take yi, ko?"