Wai Akwai Teku a Tarai

Jikata Hadiza ta zama malamar Turanci! Ni da sai da na yi furfura na koyi rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci! Af, gafarta Malam mai gabatar da shiri, assalamu alaikum.

Sai dai murnar ta zo da damuwa. A jarrabawarta ta farko ta ce kowa ya ba da labarin garinsu. Ɗalibai talatin suka rubuta abu ɗaya sak: wai garinsu yana bakin teku, iyayensu masunta ne. A Tarai fa! Ashe daga wani littafi suka haddace. Ta ba su sifiri.

Yanzu iyaye sun je wajen hedimasta, wai a cire ta. Maƙwabcina, wanda ɗansa na cikin ɗaliban, ya tare ni: "Alhaji, yaushe hadda ta zama laifi?" Na ce, "Malam Sule, kai da noman albasa, yaushe ka sayi kwalekwale?"

Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci. Hedimasta ya yarda a baje takardun a makaranta ranar Asabar da hantsi. Kowa ya zo ya gani, za ta fassara. Wanda ya san inda tekun yake, ya nuna min.

Alhaji Garba, Tarai