Na Ɓoye Erbag a Ƙarƙashin Gado

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai cetonmu. Sunana Rifkatu. Ba zan ja magana ba, kun san ni.

Bara mijina ya saya mini ƙaramar mota, ta hannu, don kai kayan shagona ƙauyuka. Ban yi wata biyu da samun permi, wato lasisin tuƙi, ba aka fasa gilashin motar maƙwabciyata a bakin kasuwa, da rana tsaka. Ba su taɓa rediyo ba. Tsakiyar bolan, wato sitiyari, suka ɓalle, suka cire erbag, wato jakar iskar nan da ke fitowa ta tare mutum in an yi karo. Ashe kuɗi ne da ita.

Daga ranar tsoro ya kama ni. Ina cikin majami'a, kunnena na waje. Ana wa'azi, ni ina leƙen taga. Wasunku sun gan ni, kada ku yi kamar ba ku gani ba!

Sai na yi dabara, a ganina. Na je garaji wurin Malam Isufu, makanikinmu, na ce ya cire mini duka biyun, tawa da ta kujerar gefe.

Ya ce, "Madam, ki kai su ina?"

Na ce, "Ɗaki."

Ya ajiye sufana ya dube ni. "Ɗakin ne ke hawa gudron, yana gudu a kan kwalta?"

Na ce, "Malam, aiki na kawo, ba shawara na zo nema ba."

Ya cire. Na naɗe su da zane, na tura ƙarƙashin gado kusa da kwanonin aurena. Ina ta jin daɗi wai na fi ɓarayi wayo. Ban faɗa wa mijina ba. Wata uku ina yawo haka, har da ɗaukar Inna, mahaifiyata.

Wata Laraba a taron mata, Mama Saratu, tsohuwar da ke bi da mu, tana addu'a ta ce, "Ubangiji, ka raba mu da tsoron da ke sa mu tsare kaya mu bar rai." Ba ta san komai ba. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan zafi. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Yesu, na ji. Motar taka ce, ni ma taka ce. Ka gafarta mini."

Washegari na ɗauki ƙullina na koma garaji. Malam Isufu ya yi dariya har da riƙe ciki. "An yaye su ke nan?" Ya mayar, ya ce in ban ɗaura santir, bel ɗin kujera, ba aikin banza ne, Inna kuma ta daina cewa yana matse ta.

Sati biyu bayan haka muna dawowa daga Takieta, ni da Inna, tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace mini, ta sauka daga gudron, ta nufi wani gawo. Abin da na iya faɗa ke nan: "Yesu!"

Sai ƙara, sai fari fat a fuskata, sai hayaƙi. Na yi zaton na mutu. Can na ji Inna tana cewa, "Ke Rifkatu, wa ya jefe ni da matashi?"

Haleluya! Gaban motar ya naɗe kamar gwangwani. Ni leɓena ne ya fashe, Inna ta ƙuje a hannu. Masu amalanken da suka fito da mu suna ta salati. A lopital, wato asibiti, ko kwana ba mu yi ba.

'Yan'uwa, motar ta tafi, amma wallahi ban taɓa yin barci mai daɗi irin na makon nan ba. Ga Inna can a layi na biyu, ku dube ta da kyau. Ku dogara ga Ubangiji, ku bar masa abin da kuke tsoron rasawa. Inna, tashi su gan ki. Ku taya ni yi masa godiya!