Wasan da Ya Daina Cewa Jaruma

Mai gyaran waya ya sabunta wasan da ba a ce ya taɓa ba. Ina kan benci a rumfarsa ina jiran tawa wayar, na ji su.

"Gilashi na ce ka canja," in ji wani direba. "Wa ya aike ka cikin wasan?"

"Haba Baba, kyauta na yi maka! Sabon ba ruwansa da mace ko namiji. Kowa 'sannunku da zuwa' yake ce masa."

"Da can cewa yake, 'Sannu da dawowa, jaruma, mun yi kewarki.'"

Mai gyaran ya tuntsire da dariya. "Da gemunka kake so a ce maka jaruma?"

"Autata ce ta saita shi. Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Kullum kafin in ɗauki fasinja nakan buɗe in ji ana yi mata magana."

"Innalillahi. Allah ya jiƙanta. Kawo in maido da tsohon."

Ya daɗe yana latse-latse, sannan ya girgiza kai. "Sun cire shi, Baba."

Direban ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

"Duk gidan shi kaɗai ne bai san ta mutu ba," in ji shi. "Yanzu shi ma ka gaya masa."