Waƙar da Ta Sauke Mai Ita Daga Mota

Taƙama mugun ciwo ce, kuma na ga yadda ta ka da wani yaro a tashar Sakkwato. Muna jiran motar Illela ta cika, saurayin yana kujerar gaba ya ƙure waƙa a waya, sai wata budurwa daga baya ta yi magana.

"Malam, don Allah rage muna wanga ihu."

"Ihu? Waƙata ce, ƙanwata, rap ɗin 'yan daba! Duk Ƙofar Kware ita ake ji. Yau ma wasa aka kira ni Illela."

"Ni na fi son masu rap a kan tsadar taki da wahalar manomin albasa."

"Wa ke sauraren su? Ke da kakarki!"

"Mu kaɗan ne, amma ko an kashe kiɗa maganarsu tana tsaye. Kashe naka ka faɗi baitin da baki, in ka isa."

Ya kashe, ya ɗaga murya: "Ni da yarana mu ke tare hanya, wanda ya hana waya ya sha wuƙa!"

Nan take kowa a motar ya ɓoye wayarsa. Direba ya zagayo ya sauke jakar saurayin ƙasa.

"Haba direba, waƙa ce kawai! Ƙanwata, gaya mishi!"

"Ni ban san ka ba. Kira masoyan naka su shaide ka."

Ya rasa kujerar gaba, ya rasa mota, ya rasa wasan Illela. Budurwar kuwa har muka fita gari tana dariya.